Daga Anshan zuwa Hangzhou: Jiragen Yaƙin Rasha a Hannun Sinawa

Sau biyu a tarihinta ƙasar Sin ta je wurin Rashawa neman manyan jiragen ruwan yaƙi irin waɗanda ake kira distiroya, kuma kowane zuwa jirage huɗu ta samo. Huɗun farko sun iso a 1954 da 1955, huɗun baya kuwa an miƙa su tsakanin 1999 da 2006. Shekaru arba'in da biyar ne suka raba isowar farko da ta biyu, a cikinsu har an yi gaba, an zubar da jini a kan iyaka, Tarayyar Sobiyat kanta ta rushe. Duk da haka abin da ya sami jiragen iri ɗaya ne. An karɓe su da girmamawa a lokacin da rundunar ruwan Sin ba ta da kamarsu, an koyi abin da za a koya a jikinsu, daga baya aka kwance makaman da suka zo da su aka ɗora na gida. Wanda ya dubi wannan ciniki a matsayin sayen makami kawai zai ce an yi tsada, kuma yana da hujja. Ni a ganina abin da Sin ta biya kuɗinsa shi ne lokaci da makaranta.

Distiroya jirgi ne mai sauri, mai matsakaicin girma, wanda aikinsa raka manyan jirage da kare su daga harin sama da na ƙarƙashin ruwa, tare da kai farmaki ga jiragen abokan gaba. Rundunar da ba ta da shi ba ta nisa da gaɓa. Haka rundunar ruwan Sin take ranar da aka kafa ta, 23 ga Afrilu 1949, a Baimamiao da ke yankin Taizhou na lardin Jiangsu: tarkacen jiragen da aka ƙwace ko suka sauya sheƙa daga dakarun Kuomintang, da kwale-kwalen katako, da sojojin ƙasa da aka mai da su ma'aikatan ruwa da rana tsaka. A tsallaken mashigin teku kuwa Chiang Kai-shek ya kafa sansani a Taiwan da sauran jiragensa, daga 1950 kuma rundunar Amurka ta bakwai ta shiga tsakani.

A watan Yuni 1953 Beijin da Mosko suka sa hannu a yarjejeniyar kayan rundunar ruwa, a ƙarƙashinta ne aka ba Sin distiroya huɗu daga rundunar Sobiyat ta tekun Fasifik. Ba sababbi ba ne. Samfurin Gnevny ne, wanda aka tsara a shekarun 1930 da taimakon injiniyoyin Italiya, kuma sun ga Yaƙin Duniya na Biyu kafin su sauya tuta. Kowanne tsawonsa ya ɗan haura mita 110, yana ɗauke da igwa huɗu masu bakin milimita 130 da bututun harba tofido, wato bam ɗin nan mai ninƙaya a ƙarƙashin ruwa. Biyun farko sun iso Qingdao a Oktoba 1954, sauran suka biyo baya a shekara mai zuwa. Sunayen da suka zauna da su, Anshan, Fushun, Changchun da Taiyuan, duk na biranen ƙarfe da kwal da manyan masana'antu ne, kuma wannan zaɓi ya nuna inda hankalin sabuwar gwamnati yake. A bakin ma'aikatan ruwa kuwa laƙabinsu “manyan dogarai huɗu”, daga gumakan nan huɗu masu tsaron ƙofar gidajen ibadar Buddha.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Tsofaffin jiragen nan su ne mafi ƙarfi a rundunar har kusan shekara goma sha bakwai, kuma a cikinsu aka horar da rukunin farko na hafsoshin da suka san yadda ake tafiyar da babban jirgin yaƙi. A 1960 zumunci ya lalace, Khrushchev ya janye ƙwararrun Sobiyat daga Sin, kayan gyara suka yanke. A 1969 sojojin ƙasashen biyu suka yi artabu a tsibirin Zhenbao da ke kogin Ussuri. Jiragen da aka saya daga babban yaya sai ga su a hannun ƙanen da ke shirin yaƙi da shi, kuma dole ƙanen ya koyi ƙera duk wani ƙarfe da ya lalace a jikinsu.

A daidai wannan lokaci ne aka yi musu gyaran da ya zama abin koyi daga baya. A Oktoba 1967 ƙananan jiragen Masar suka nutsar da distiroyar Isra'ila mai suna Eilat a kusa da Port Said da makami mai linzami ƙirar Sobiyat, P-15, duniya ta ga cewa zamanin tofido da igwa ya fara wucewa. Sin ta riga ta sami wannan makami kafin a ɓata, ta kuma kwaikwaye shi. Saboda haka daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 aka cire bututun tofido daga jiragen huɗu, aka kafa musu maharban makamai masu linzami na gida, huɗu a kowane jirgi. Da haka suka yi aiki har zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, Anshan kuwa sai 1992 ya yi ritaya, yana da shekara hamsin da ɗoriya a ruwa. Yau yana gidan tarihin rundunar ruwa a Qingdao. Distiroyar farko da Sin ta ƙera da kanta, samfurin 051 wanda ya fara aiki a 1971, ita ma ta ɗauko fasali daga jiragen Sobiyat na shekarun 1950, kuma wannan ya nuna iyakar abin da kwaikwayo ke iya yi idan malami ya rufe ƙofa: ɗalibi yakan tsaya a darasin ƙarshe da aka koya masa.

A shekarun 1980 Sin ta juya ga Yamma. Ta sayi injinan gas na LM2500 daga Amurka, da makaman kakkaɓo jiragen sama da na'urori daga Faransa da Italiya, ta haɗa su a sabon samfurin 052. Kisan da aka yi a Tiananmen a Yuni 1989 ya jawo takunkumin makamai daga Amurka da ƙasashen Turai, wannan ƙofa ma ta rufe. Jirage biyu kacal aka gama na wannan samfuri, Harbin da Qingdao. Abin mamaki, makonni kaɗan kafin wannan Gorbachev ya ziyarci Beijin aka binne gabar shekara talatin. Bayan shekara biyu Tarayyar Sobiyat ta wargaje, masana'antun makamanta suka wayi gari ba mai saye, ma'aikata na yin watanni ba albashi. Sin ta fara da jiragen sama samfurin Su-27, ta bi da jiragen ƙarƙashin teku samfurin Kilo. Cikin manyan masu faɗa a ji a harkar soja a lokacin akwai Liu Huaqing, tsohon kwamandan rundunar ruwa kuma mataimakin shugaban hukumar soja ta ƙoli, wanda ya yi karatu a kwalejin sojan ruwa ta Leningrad daga 1954 zuwa 1958. Ya san birnin, ya san kayan Rasha.

Abin da ya gaggauta cinikin distiroya shi ne rikicin mashigin Taiwan. A Yuni 1995 shugaban Taiwan Lee Teng-hui ya ziyarci jami'ar Cornell a Amurka, Beijin ta fusata ta fara gwajin makamai masu linzami a kusa da tsibirin. A Maris 1996, ana gab da zaɓen shugaban ƙasa na farko da jama'ar Taiwan suka yi kai tsaye, makaman suka faɗa ruwa a kusa da tashoshin Keelung da Kaohsiung. Shugaba Clinton ya tura manyan jirage biyu masu dakon jiragen sama, Independence da Nimitz, kowanne da rakiyarsa. Hafsoshin Sin suka duba abin da ke hannunsu: babu jirgi ko ɗaya da zai iya tunkarar waɗannan, kuma yawancin jiragensu da igwa suke kare kansu daga harin sama, ƙalilan ne ke da makamai masu linzami masu cin gajeren zango. Lee ya ci zaɓe da rinjaye. A 1997 aka ƙulla cinikin jirage biyu da Rasha, kan kuɗin da rahotanni suka ƙiyasta kusan dala miliyan 800.

Jiragen samfurin 956 ne, wanda duniya ta fi sani da sunan na farkonsu, Sovremenny, kalmar da ke nufin “na zamani” da Rashanci. An tsara su a Leningrad a shekarun 1970, na farko ya fara aiki a 1980. Tsawon kowanne mita 156, nauyinsa da cikakken kaya ya kusa tan 8,000, gudunsa kusan kilomita 60 a sa'a. Gaba da baya akwai tagwayen igwa masu bakin milimita 130, domin tun asali an so jirgin ya riƙa ruwan wuta a gaɓa yayin da sojoji ke sauka. Yana da maharba biyu na makamin kakkaɓo jiragen sama mai suna Shtil, da makamai 48 a rumbunsa, da fili na jirgi mai saukar ungulu. Amma abin da Sinawa suka zo nema yana gefe biyu na ɗakin matuƙa, a cikin manyan akwatuna masu kallon gaba: makamai takwas masu suna Moskit, wato “sauro”. Wannan sauro nauyinsa kusan tan huɗu ne, yana tafiya dab da fuskar ruwa da gudun da ya ninka na sauti fiye da sau biyu, yana cin zangon kilomita 120. Daga lokacin da na'urar rada ta jirgin da aka nufa za ta hango shi ya ɓullo daga bayan doron teku zuwa lokacin da zai iso, ba a cika minti ɗaya ba.

Biyun da aka sayar ma ba don Sin aka fara su ba. An kafa ƙashinsu a maƙerar jirage ta Severnaya a 1988 da 1989 domin rundunar Sobiyat, da sunayen Vazhny da Vdumchivy, “muhimmi” da “mai zurfin tunani”, kuɗi suka ƙare aka bar su suna tsatsa a bakin ruwa. Kuɗin Sin ne suka ƙarasa su. An miƙa na farko a Disamba 1999 aka sa masa suna Hangzhou, lamba 136, kuma a Fabrairu 2000 ya ratsa mashigin Taiwan a hanyarsa ta zuwa gida, saura makonni a sake zaɓe a tsibirin. Na biyu, Fuzhou mai lamba 137, an miƙa shi a ƙarshen 2000. A Janairu 2002 aka ƙara cinikin wasu biyu, sababbi fil wannan karon, kan kusan dala biliyan 1.4. An cire musu igwar baya, aka ba su Moskit mai dogon zango da sabon tsarin kariya na kusa mai suna Kashtan. Taizhou, mai sunan mahaifar rundunar, ya zo a ƙarshen 2005, Ningbo a 2006. Duka huɗun aka ajiye su a Zhoushan, a rundunar tekun gabas mai fuskantar Taiwan da Japan.

Jaridun lokacin sun yi ta kiransu “masu kashe jiragen dako”, kuma a 2000 har an gabatar da ƙudiri a majalisar wakilan Amurka na hana sassauta wa Rasha bashi muddin tana sayar wa Sin da Moskit. A 2001 gwamnatin Bush ta amince a sayar wa Taiwan distiroya huɗu samfurin Kidd, waɗanda su ma marayu ne, domin Shah na Iran ne ya yi odarsu kafin juyin 1979. Sai dai laƙabin ya fi jiragen girma. Jiragen saman da ke tashi daga kan Nimitz suna kai hari a nisan ɗaruruwan kilomita, kuma akwai jiragen ƙarƙashin teku a gabansa. Kafin Hangzhou ya matso zuwa kilomita 120 sai ya ratsa duk wannan, da garkuwar sama da ba ta wuce 'yan kilomita ashirin da wani abu ba, da kunnen sauraron ƙarƙashin ruwa mai rauni, domin Sobiyat ta bar wannan aiki ga wani samfurin daban, Udaloy, wanda aka tsara su riƙa tafiya tare. Kafin a harba ma sai an san inda abokin gaba yake a bayan doron teku, kuma a 2000 Sin ba ta da isassun taurarin ɗan'adam da jiragen leƙen asiri da za su gaya mata. Abin da jiragen suka yi da gaske shi ne tilasta wa mai tsara yaƙi a ɗaya ɓangaren ya saka su a lissafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da a 1996 ba a lissafa ta ba sam.

Babbar ribar tana wani wuri. A karo na farko ma'aikatan Sin suka zauna da jirgin da aka tsara rada da makamai da ɗakin umarninsa su yi aiki tare, suka ga yadda ake kare ayari gaba ɗaya daga sama maimakon jirgi ya kare kansa kawai. Injiniyoyi kuma suka sami abin dubawa. Distiroya biyu na samfurin 052B, Guangzhou da Wuhan, waɗanda suka fara aiki a 2004, gangar jikinsu ta Sin ce amma suna ɗauke da Shtil da radar Fregat irin ta Sovremenny. Bayan 'yan shekaru sai ga matsakaitan jirage samfurin 054A suna fitowa da yawa daga maƙeran Shanghai da Guangzhou, da rada ta gida mai lamba 382 wadda duk mai ido zai ga kamarta da Fregat, da wata mai lamba 366 mai kama da Mineral ta Rasha, da makamin HQ-16 wanda masana da yawa ke danganta asalinsa da dangin Shtil. Rashawa sun sha ƙorafi a kan kwaikwayon kayansu, musamman a harkar jiragen sama, amma a shekarun da masana'antunsu ke neman abin da za su biya albashi, ba su da bakin ƙin ciniki.

A nan ne nake ganin masu sukar cinikin 2002 sun fi gaskiya. Lokacin da Taizhou da Ningbo suka iso, Sin ta riga ta ƙaddamar da Lanzhou da Haikou na samfurin 052C, masu rada mai fuska huɗu da makamin HQ-9 mai cin dogon zango, abin da babu shi a Sovremenny ko ɗaya. Wato an biya dala biliyan 1.4 don jiragen da ƙirar gida ta riga ta wuce su ta wani fanni kafin su sauke anka. Uzurin da za a kawo shi ne a Janairu 2002 ba wanda ya tabbata sababbin na gida za su yi aiki, Chen Shui-bian mai ra'ayin 'yancin Taiwan yana kan mulki, kuma mai tsoron gobara ba ya jiran a gama haƙa rijiya. Uzuri ne mai ma'ana, amma Beijin kanta ta yanke hukunci a aikace: bayan Ningbo ba ta sake sayen distiroya daga waje ba.

Jiragen dai sun yi aikin nuna ƙarfi da aka saye su dominsa. A Satumba 2005 jiragen sintirin Japan suka hango ɗaya daga cikinsu a ayarin jirage biyar kusa da filin iskar gas na Chunxiao da ƙasashen biyu ke jayayya a kansa. A Oktoba 2008 wani ya ratsa mashigin Tsugaru, tsakanin Honshu da Hokkaido, ya fita tekun Fasifik. A Nuwamba 2023 gwamnatin Ostareliya ta zargi Ningbo da kunna na'urarsa ta sauraron ƙarƙashin ruwa alhali masu nutso na jirginta Toowoomba suna cikin ruwa, har suka ji rauni. Beijin ta musanta.

Zuwa tsakiyar shekarun 2010 “na zamani” ya tsufa. Samfurin 052D ya fara aiki a 2014, kuma a cikin rundunar da kowane jirgi ke musayar bayanai da ɗan'uwansa ta tsari ɗaya, jiragen Rasha huɗu sun zama baƙi masu wani yare. Makamansu daga waje ake kawo su, kayan gyaransu haka, kuma makami mai linzami yana da wa'adi kamar magani. Ko a yi musu ritaya suna da sauran ƙarfi, ko a yi musu abin da aka yi wa Anshan. Aka zaɓi na biyu. Hangzhou ya shiga maƙera a tsakiyar shekarun, ya ɗauki shekaru kafin ya fito wajen 2019, sannan Fuzhou ya bi sahu. An cire Moskit aka sa YJ-12 guda takwas, makamin gida wanda shi ma ya fi sauti gudu kuma ya fi Moskit zango nesa ba kusa ba. An cire maharban Shtil masu hannu ɗaya, waɗanda sai sun ɗauko makami daga rumbu sun juya sun saita kafin su harba, aka haƙa ramuka 32 a daɓen jirgin inda HQ-16 ke tsaye a shirye. Adadin ya ragu daga 48, amma ana harba su a jere ba jira, kuma ramukan suna karɓar makamin farautar jirgin ƙarƙashin teku. An ƙara HQ-10 don kariya ta kusa, an sauya rada da na'urorin ɗakin umarni. Mai lura zai ga abin dariya a nan, domin radar 382 da ta hau saman jirgin jikanyar wadda aka sauke ce.

Irin waɗannan makamai ne Sin ke sayarwa yanzu. Jirage huɗu samfurin 054A da ta ƙera wa Pakistan tsakanin 2021 da 2023 suna ɗauke da nau'in YJ-12 da HQ-16 na kasuwar waje, kuma jiragen sintiri na rundunar ruwan Najeriya, Centenary da Unity, daga maƙerar Sin suka fito. Lamba 101 da tsohon Anshan ya ɗauka tana jikin Nanchang, katafaren jirgin samfurin 055 mai ramukan harbi 112 da ya fara aiki a Janairu 2020, sunan Anshan kuma yana kan wani ɗan'uwansa mai lamba 103.

Abu ɗaya ne gyaran bai taɓa asalinsa ba, shi ne cikin jirgin. Sovremenny da tururi yake tafiya: tukwane huɗu masu matsanancin zafi da matsi suna dafa ruwa, tururin yana juya injina biyu masu ƙarfin doki kusan 100,000. Tun lokacin da aka tsara shi sauran rundunoni sun fara komawa injin gas, wanda ke tashi cikin mintuna, alhali tukunya sai an ɗauki lokaci ana hura ta. Waɗannan tukwane ba sa yafe sakaci. Suna son ruwa mai tsabta ƙwarai da ƙwararrun ma'aikata da gyara a kan kari, kuma rashin waɗannan a shekarun 1990 ne ya kashe yawancin jirage 17 da aka ƙera wa rundunar Sobiyat da ta Rasha, wasu ba su kai shekara ashirin ba. Ɗaya daga cikinsu, Bespokoyny, ya zama gidan tarihi a Kronstadt. Sinawa sun kula da nasu, kuma da wuya a ce ƙwarewar ta tafi a banza, tunda Liaoning, jirginsu na farko mai dakon jiragen sama wanda ya fara aiki a 2012, shi ma ƙirar Sobiyat ne mai tafiya da tururi. Amma sauya injin jirgi daidai yake da sake ƙera shi, kuma ba wanda zai yi wa gangar jikin da aka kafa a 1988 wannan ɗawainiya a ƙasar da ke ƙaddamar da sababbin distiroya kowace shekara. Hangzhou zai ci gaba da fita daga Zhoushan da makaman Sin a samansa har zuwa ranar da injiniyoyinsa za su ce tukwanen Leningrad sun gaji.